Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Bunƙasa Ma'adinai: kafin a ƙara zura 'ya'yan mutane ramin kwal

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Daga Zariya muka rubuto, garin da babu kwal a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya haƙa ƙasar nan marmara zai tarar, sai dutse irin na Kufena. Amma da an gama girbi samarin ƙauyukanmu kan tafi ci-rani, kuma wuraren haƙar ma'adinai na cikin inda suke dosa. Wanda ya dawo da tari, asibitin Shika ko na Saye ake kai shi. Wanda bai dawo ba, a ƙofar gidajenmu ake zaman makokinsa. Wannan shi ne huruminmu a cikin maganar.

Kwal ya daɗe da mu. A 1909 aka gano shi a tsaunukan Udi, zuwa 1916 an fara fito da shi daga Ogbete a Inugu, a 1950 aka kafa kamfanin kwal na ƙasa, kuma a ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya kai wajen tan 900,000 a shekara. Jiragen ƙasan da ke tsayawa tashar Zariya da shi suke tafiya kafin zuwan dizal. Daga baya harkar ta durƙushe. Yanzu kuma tana farfaɗowa, musamman saboda masana'antun siminti, a Okaba da ke Kogi, da Owukpa a Binuwai, da Maiganga a Gombe, ga kuma ido a kan na Lafiya da Obi a Nasarawa. Yawancin aikin yau buɗaɗɗen rami ne, amma buɗaɗɗen rami yana da iyaka. Da zarar ƙasar da ke kan kwal ta yi kaurin da kwashe ta ya fi kwal ɗin tsada, sai a fara kutsawa ta gindin bango ana bin jijiyar. Masu ƙaramin ƙarfi ma ba sa jiran wannan lissafi, loto, wato ramin da ake kutsawa ƙarƙashin ƙasa, suke yi tun farko. Ga shi mutanen da suka san aikin ƙarƙashin ƙasa a ramukan Onyeama da Okpara na Inugu, wasu sun riga mu gidan gaskiya, saura kuma tsufa ya cim musu.

Buƙatarmu ɗaya ce. Kada a bar kowa ya shiga ramin kwal sai akwai mutum guda, sananne da suna, mai takardar shaida, wanda ya riga shi shiga cikin sa'o'i 3 kafin fara aiki, ya auna iska, ya gwada rufi, ya duba ruwa, ya rubuta abin da ya gani a littafi ya sa hannu. Mutumin nan ya zama yana da ikon cewa yau babu aiki, ba tare da ya rasa abincinsa ba. Kuma ƙa'idar da zai yi aiki da ita ta zo da alƙaluma. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa sashen sifetocin ma'aikatarku kula da lafiya da tsaron masu haƙa. Abin da sifeto ke buƙata a hannunsa shi ne lamba, domin kalmar "isasshiyar iska" kowa na iya fassara ta yadda ta yi masa, amma kashi 1 cikin ɗari ba ya karɓar gardama.

Mu fara da iskar, don ita ce ke kashe mutane da yawa a lokaci guda. Iskar da ake kira metan tana fitowa daga jikin kwal ɗin kansa. Ba ta da launi, ba ta da wari, nauyinta kuma kusan rabin na iskar da muke shaƙa ne, saboda haka sama take yi ta kwanta a jikin rufi da cikin kogunan da dutse ya ɓalle ya bari. Idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, tartsatsi ɗaya ya isa, kuma fashewar ta fi muni a wajen kashi 9 da rabi. Shi ya sa ƙasashen da suka sha wuya ba sa jiran ta kusanci 5. A Amurka, da ta kai kashi 1 a bakin aiki ake kashe wutar injuna a gyara iska, da ta kai 1.5 kowa ya fita. Ana auna ta duk minti 20 muddin ana yankan kwal, a riƙe na'urar sama, tazarar santimita 30 daga rufi. Wanda ya auna a tsayin ƙugunsa zai ga sifili alhali wutar tana bisa kansa. Muna roƙon a ɗauki waɗannan lambobi yadda suke.

Masu haƙa rijiya a ƙasar Zazzau suna da dabarar da suka gada: kafin a shiga tsohuwar rijiya a kan zura fitila da igiya, in ta mutu a san iskar ƙasan ba ta da kyau. A rijiya dabara ce. A ramin kwal ajali ce, kuma yaron da ya tashi yana ganin ana yi ba zai san bambancin ba sai an gaya masa. Ko a inda babu metan, fitilar ba ta mutuwa sai oksijin ya sauka wajen kashi 16, alhali mafi ƙarancin abin da aka yarda mutum ya yi aiki a ciki 19.5 ne. Kuma ba ta cewa komai game da kabon monoksaid, iskar guba ta cikin hayaƙi, wadda ke kama jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu. Abin da ake buƙata shi ne na'urar hannu mai auna iska huɗu: metan, oksijin, kabon monoksaid, da mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda in ta yi yawa hanci ke daina jin ta. Na'urar ma tana yin ƙarya. A gwada ta da iskar gwaji kowace safiya, a daidaita ta duk wata, kuma a sani cewa irin wadda aka fi sayarwa tana nuna metan ƙasa da gaskiya idan oksijin ya yi ƙaranci sosai. Don haka oksijin ake fara karantawa.

Maganin metan iska ce mai tafiya, kuma iska ba ta tafiya a ramin da ke da baki ɗaya. A 1862, a Hartley ta Ingila, ƙarfen injin famfo ya karye ya faɗa cikin rami ɗaya tilo da ake da shi, mutum 204 suka mutu a ƙasa, manya da yara. A shekarar aka yi dokar ƙofa biyu. Mu ma kada a ba da izinin aikin ƙarƙashin ƙasa sai an ga ƙofa biyu da ba su haɗa baki ba, ɗaya iska ta shiga, ɗaya ta fita. Babbar fanka a waje take zama, a gefe da bakin ramin don kada fashewa ta tafi da ita. A ciki kuma sai an toshe tsofaffin mahaɗu da bulo, in ba haka ba iskar za ta bi gajeriyar hanya ta koma waje ba ta kai ga masu aiki ba. Mafi ƙarancin abin da Amurka ta yarda ya ratsa mahaɗar ƙarshe ya ɗan haura kubik mita 4 a sakan ɗaya, kuma auna shi ba wuya: faɗin hanya sau tsayinta sau gudun iskar.

Lungun da bai ɓulle ba tukuna shi ne wurin da aka fi kuskure. Ana kai masa iska da ƙaramar fanka da bututun leda. Fankar a hanyar sabuwar iska za a ajiye ta, kamar mita 10 kafin bakin lungun. In aka saka ta cikin lungun, iskar da ta fito ita za ta sake zuƙa ta mayar, ga ƙara ana ji, ga iska na kaɗa riga, amma metan sai taruwa take yi. Bakin bututun ya bi aikin, kada ya yi nisa da bango fiye da 'yan mitoci, kuma duk yagewar da ke jikinsa iskar wani ce ke zuba a hanya.

Sai maganar da ta fi shafar ƙasarmu, wato wuta da man inji. Mai rami yakan ga kashe fanka da dare tsimin dizal ne. Metan ba ta tashi daga aiki. Abin da ta tara cikin dare shi ne zai tarbi mutumin farko da ya taɓa makunni da asuba. Ƙa'idar ta fito fili: fanka ba ta tsayawa ko ranar hutu, tana da janareta na biyu, kuma a haɗa wayoyin ta yadda in ta tsaya wutar cikin rami ma ta ɗauke da kanta. In ta tsaya aka yi minti 15 ba ta dawo ba, kowa ya fito. In ta dawo, mai dubawa ne zai fara shiga, sannan wuta, sannan leburori. Lungun da ya cika da metan kuma a hankali ake wanke shi, domin iskar da ta kai kashi 30 sai ta bi ta tsakanin 15 da 5 kafin ta zama lafiyayya, kuma a lokacin tana tafe cikin hanyar da mutane suke. A ƙara da cewa idan hadari ya haɗo nauyin iskar sama kan ragu, tsofaffin wuraren da aka bari su yi ta amayo abin da ke cikinsu. Ranar hadari ranar yawan awo ce.

Injin ban-ruwa mai fetur ko janareta ba su da wurin zama a cikin rami, ko na minti biyar ne. Hayaƙinsu shi ne ke kashe iyali guda a ɗaki cikin dare, balle lungun da ba taga. Ko a waje ne, a nisanta salansar da ƙofar da iska ke shiga. A bakin ƙofa kuma a laluba kowa, har manaja: taba, ashana, layita, wayar salula da tocilar kasuwa duk su tsaya waje. Wayar da aka haɗa aka naɗe da leda, da makunnin gida, da nakiyar fasa dutse irin ta kwari, duk masu kunna metan ne. Ramin kwal yana da nakiyarsa ta musamman mai gajeren harshen wuta, ana auna iska kafin a tayar da ita, kuma da yumɓu ake toshe ramin harbin. Wanda ya toshe da garin kwal don shi ne a kusa, ya ɗura bindiga ya auna 'yan'uwansa.

Metan ita ke kunnawa, amma ƙurar kwal ce ke gama aikin. Ƙaramar fashewa a lungu ɗaya tana tayar da ƙurar da ta kwanta a ƙasa da bango da kan katako, wutar ta kama ta, ita ma ta tayar da ta gaba, haka har ƙarshen ramin. Abin da ya ci mutum 1,099 ke nan a Kuriye ta Faransa a 1906. A Wankie, wato Hwange ta Zimbabuwe a yau, sama da 420 suka tafi a watan Yunin 1972. Har a 2010 ya ci mutum 29 a Upper Big Branch ta Amurka, ƙasar da ke da duk kayan aikin duniya. Maganin ba shi da tsada: garin dutsen siminti, niƙaƙƙe luƙui, marar yashi, a watsa shi a ƙasa da bango da rufi har abin da ba ya cin wuta ya kai kashi 80 cikin ɗari na ƙurar wurin. Ramin da aka yi wa haka fari yake zama. Sai dai ba a yi sau ɗaya a huta, domin ƙurar kwal mai kaurin takarda in ta kwanta a kan farin ta isa ta ɗauki wuta, kuma da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke shanye laimar ramin, abin ya fi haɗari. Sifeto ya riƙa ɗibar samfur yana kaiwa ɗakin gwaji. Abin sha'awa, dutsen nan yana Ashaka, yana Obajana, yana Gboko, jihohin da kwal ɗin yake. Motar da ta kai kwal masana'anta ba ta da dalilin komawa wayam.

Akwai kuma wutar da ba wanda ya kunna. Yawancin kwal ɗinmu ba mai tauri ba ne, yana da laima, kuma irinsa yana ɗaukar zafi da kansa in iska kaɗan tana ratsa tarin garinsa, wadda ta isa ta ciyar da zafin amma ba ta isa ta sanyaya shi ba. Alamunsa su ne wari kamar na kananzir, gumi a jikin rufi, da kabon monoksaid da ke hawa kaɗan-kaɗan kullum. Hawan ake kallo, ba lambar rana ɗaya ba, shi ya sa littafin awo ke da amfani. A kwashe garin kwal, a toshe wurin da aka gama da bango mai kyau. A Soma ta Turkiyya, a watan Mayun 2014, mutum 301 suka mutu, kuma yawancinsu wuta ba ta taɓa su ba, hayaƙi ne ya bi hanyar iska ya iske su. Kowane mai shiga ya rataya abin numfashin gaggawa a ƙugunsa. Iri biyu ne: mai tace kabon monoksaid kawai, wanda ba ya amfani in oksijin ya ƙare, da mai ba da oksijin nasa na kimanin sa'a ɗaya. Na biyun muke so a wajabta, kuma a koya wa mutum saka shi cikin duhu. Jiƙaƙƙen rawani a hanci ba ya tare wannan iska.

Mai girma Minista, fashewa ce ke shiga labarai, amma rufi shi ke ɗaukar mutane ɗaya-ɗaya ba wanda ya ji. Mai dubawa yakan tsaya ƙarƙashin inda aka riga aka tokare, ya ɗora yatsun hannun hagu a jikin dutsen, ya ƙwanƙwasa da sandar ƙarfe. Lafiyayyen dutse ƙara yake yi tsaf, siririya. Wanda ya rabu da na samansa kuwa amsawa yake kamar ganga, kuma yatsun za su ji yana rawa. Amma babban falalen da ya saki yana iya yin ƙarar lafiyayye saboda kaurinsa, don haka ana haɗawa da ido: tsaga sabuwa, gari na zubowa, ruwa na ɗiga inda jiya babu, katako ya fara kuka ko ya tanƙware. Ƙa'idar da ba ta da togiya ita ce kada ƙafar kowa ta wuce tokari na ƙarshe.

Faɗin hanya kada ya wuce mita 6, a rufi marar ƙarfi kuma a rage sosai. Mahaɗa ta fi ko'ina haɗari, don inda hanya biyu masu mita 6 suka gitta, daga kusurwa zuwa kusurwa ya kai mita 8 da rabi, in kuma an fafe kusurwoyin don kura ta juya ya fi haka. Tokarin katako ya zama miƙaƙƙe, marar gara: mai tsawon mita 1.5 kaurinsa kada ya gaza santimita 10, mai mita 2 kuma 13, a kafa shi a kan tsandauri, a ɗora allo a kansa a buga masa weji ya kama. Inda ake amfani da rodin da ake kafawa cikin dutsen rufi ya riƙe shi, tazarar da aka saba ita ce mita 1.2, kuma dole ƙarshensa ya kama dutse mai ƙarfi a sama. Rodin da ya tsaya cikin laka ado ne. Da damina laimar iska na ruɓar da irin wannan dutse mai falle-falle, rufin da ya yi shiru duk rani ya fara zuba. Ruftawar Galkogo a Shiroro, a watan Yunin 2024, ba ramin kwal ba ne, amma bayan ruwan sama ta zo.

Ginshiƙan da aka bari su riƙe ƙasa, su ma kwal ne, kuma shi ne mafi sauƙin haƙa. Nan jarabar take. A Coalbrook ta Afirka ta Kudu, a Janairun 1960, an rage ginshiƙai an ƙara musu tsayi, ɗaya ya gaza ya jefa nauyinsa kan na kusa, suka bi juna, sama da mutum 430 suka rage a ciki har yau. Bayan nan ne aka fito da lissafin da ke neman ƙarfin ginshiƙi ya ninka nauyin da ke kansa kamar sau 1.6. Injiniya mai rajista da COMEG, hukumar rajistar injiniyoyin ma'adinai da masana ƙasa, ne zai yi lissafin ya sa hannu, mai safiyo kuma ya riƙa auna ginshiƙan a gani ko suna ramewa.

A nan dole mu taɓo yadda ake biyan kuɗi, ko da wasu za su ce ba aikin ma'aikatarku ba ne. Leburan da ake biya da buhu ko da kura, duk mintin da ya ɓata wajen kafa tokari, ko watsa farin gari, ko jiran iska ta wanke hayaƙin nakiya, daga aljihunsa ya fita. Heluman da ake ba kamasho kan yawan lodi shi ma ba zai so na'ura ta yi kuka ba. Ba ganganci ke sa su ba, lissafi ne, kuma duk wa'azin tsaro ba zai kayar da shi ba. A sa cikin sharuɗɗan lasisi cewa aikin tokari da na iska ana biyan sa da yini, ranar da aka hana aiki saboda haɗari lebura yana da kuɗinsa, kuma albashin mai dubawa ba ya rataye da yawan kwal. Yarjejeniya ta 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1995, ta ba mai haƙa 'yancin janye jikinsa daga wurin da yake ganin haɗari ne ga rayuwarsa. 'Yancin da za a kori mutum in ya yi amfani da shi, sunansa kawai 'yanci.

Ruwa ya wahalar da ramukan Inugu tun asali, domin a saman kwal ɗin akwai dutsen yashi mai riƙe ruwa, ga ruwan da ke fitowa mai tsami ne yana cinye famfo da bututu. Yau haɗarin ya ƙaru da tsofaffin hanyoyin da aka bari shekara da shekaru suka cika maƙil. Ruwa mai zurfin mita 10 yana danna kowace murabba'in mita da nauyin tan 10. A Chasnala ta Indiya, a Disambar 1975, bangon da ke tsakanin sabon aiki da tsohon rami ya ɓalle, sama da mutum 370 suka nutse. A Quecreek ta Amurka a 2002, tsohuwar taswira ce ta yaudari masu aiki, mutum 9 suka yi kwana uku a tarko kafin a zaro su. Muna roƙon a tattaro duk taswirorin tsohon kamfanin kwal, a ɗauki hotonsu, a ba duk mai lasisi a yankin. Tsohon wurin da ba a tabbatar da iyakarsa ba, a ɗauka cike yake. In an zo mita 60 da shi, a riƙa tura siririn rami na gwaji aƙalla mita 6 gaba da bakin aiki, tsakiya da gefe biyu, ta cikin bututu mai makulli. Bakin rami ya ɗara inda ambaliya ke kaiwa, famfo kuma ya zama da na ajiya.

Igiya da kura ba sa buƙatar dogon bayani: a duba igiyar ƙarfe kullum, kada a hau kurar kwal, kada a tsaya ƙarƙashin kaya ko a gangare bayan kura, a sa abin tare ta in ta kuɓuce.

Likitocin cikinmu sun nemi a ƙara wannan. Ƙurar da ido ba ya gani ita ke kaiwa ƙasan huhu ta zauna, ta kwal ta baƙanta shi, ta dutsen yashi ta ƙone shi da tabo, kuma babu maganin da ke mayar da shi. Mutum ya bar aiki da shekaru sannan numfashi ya fara gagarar sa. A hoton ƙirji ciwon yana kama da tarin fuka, sai a ɗora marar lafiya kan maganin wata shida, a gama ba sauƙi, a sake, don ba wanda ya tambaye shi aikin da ya yi. Ga shi ƙurar dutse na buɗe wa tarin fukan gaske ƙofa, su haɗu biyu. Iyakar da Amurka ta sa tun 2016 ita ce miligiram 1.5 a kubik mita. Ana kaiwa gare ta da ruwa: a jiƙa bango kafin yanka, a huda dutse da ruwa, a fesa inda ake lodi. Takunkumin hanci mataki ne na ƙarshe. A ɗauki hoton ƙirjin kowa ranar da ya fara aiki, a maimaita lokaci-lokaci, a ba shi katinsa ya tafi da shi. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa mai aiki ya zuba kashi 1 cikin ɗari na albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, amma yaron da ba a san shi da komai ba sai "Ɗan Zariya" ba zai ci diyya ba, iyayensa ma ba za su ji labari da wuri ba. Rajista mai cikakken suna da gari da lambar wani nasa ta zama sharaɗi.

Rajistar ita ce kuma farkon ceto. Kowa na da lamba biyu ta ƙarfe, ya rataya ɗaya a allon bakin rami in zai shiga, ɗaya na jikinsa. In abu ya faru, duban allo ɗaya ya faɗi mutum nawa ne a ciki. Sannan a tsare ƙofa, domin a haɗarin iska sau da yawa mamaci na biyu da na uku waɗanda suka ruga ceto ɗan'uwansu ne. Kada kowa ya kashe fanka ko ya juya ta sai wanda ya san inda wutar take da inda mutane suke. Tsarin Amurka tawaga biyu ne ga kowane rami, kowace mutum biyar da na ko-ta-kwana, da kayan numfashi na sa'o'i, a tazarar da ba ta wuce tafiyar sa'a ɗaya ba. Ƙananan ramuka ba za su iya su kaɗai ba, sai a haɗa musu tasha ɗaya a kowane yankin kwal, masu lasisi su biya. 'Yan kwana-kwanan gari ba a horar da su kan wannan ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Dakarun tsaron ma'adinai da aka ƙaddamar a 2024 suna da aikinsu, amma bindiga ba ta auna metan. Kora kaɗai tana mayar da masu loto aikin dare, cikin sauri, ba tokari. Inda za a iya gyarawa, a haɗa su ƙungiya a ba su mai dubawa. Inda ba za a iya ba, a rufe ramin da kankare, a kuma bi ta wajen mai saye: masana'anta ko dillalin da ya karɓi kwal daga ramin da ba shi da takardar dubawa ta wannan wata, laifin ya hau kansa. Sifeton gwamnati kuma ya zo ba sanarwa, da motarsa da na'urarsa, ya shiga har bakin aiki, wani lokaci da dare. Wanda aka ɗauko a motar kamfani aka ba shi abinci a ofis, littafi kawai zai duba.

Masu dubawar da muke magana ba sai masu digiri ba. Leburan da ya yi shekaru a rami, ya iya karatu da boko ko ajami, ana iya horar da shi a yi masa jarrabawa. Cibiyar nazarin ma'adinai ta Jos, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello suna iya ɗaukar nauyin koyarwar, a nemo sauran tsofaffin Inugu su nuna abin da ba ya cikin littafi tun suna da ƙarfi. Darasin ya kasance da Hausa da Igala da Idoma da Ibo, harsunan da ake magana da su a cikin ramin.

In kuma rai ya salwanta, mun san al'adarmu: iyaye za su ce sun bar wa Allah, a kawo buhun shinkafa da ɗan abin sadaka, a rufe magana. Yafiyar iyaye tsakaninsu ne da Ubangijinsu, ba ta ɗauke wa hukuma bincike. A killace wurin, a karɓe littafin awo da na'urori a ranar kafin a gyara su, a ji ta bakin leburori ba a gaban ubangidansu ba, a buga rahoton kowa ya karanta, da sunayen mamatan a cikinsa. Haka ma haɗarin da aka tsallake rijiya da baya, kamar metan ta kama ta mutu ba ta ji wa kowa ba, ko rufi ya zuba da dare ba mutane, shi ma a wajabta kai rahotonsa cikin sa'o'i 24.

Wassalam.

Mu ne naku,
Wasu injiniyoyin haƙar ma'adinai, masana ƙasa da likitocin ƙirji mazauna Zariya